Zauren da Selmer Ya Gina wa Ardis

A garinmu Brekken, can yammacin Minnesota, ba a faɗin magana mai nauyi a zaune. Ka je gidan mutum ku sha kofi tun hantsi har rana ta karkata, hirar ba za ta wuce yabanyar masara da ciwon gwiwar fasto ba. Sai ka dafa cinyoyinka ka ce, "To, bari in gudu," ka miƙe, ka zura rigar sanyi, ka ɗaure takalmi, ka kama mariƙin ƙofa, sannan mai gida zai dubi ƙasa ya ce, "Af, likita fa ya ce sai an yi wa uwargida aiki." A bakin ƙofa ake neman aure a wurinmu. A nan ake sayar da bijimi, a nan 'yan'uwan da suka daɗe suna gaba kan iyakar gona suke shiryawa, kowa da hula a hannu, ƙafa ɗaya a waje.

Selmer Ostby ne ya fara lura cewa wannan hali namu yana bukatar rufi.

Ɗan manomi ne, dogo, mai manyan kunnuwa da ƙaramar murya. Ya karanci zanen gine-gine a Minneapolis, ya wuce Chicago ya yi 'yan shekaru a wani babban ofis yana zana matattakala da banɗakunan dogayen benaye, ba a taɓa barinsa ya zana fuskar ko ɗaya ba. Da kasuwa ta karye a ƙasar nan aka sallame shi, ya dawo gida da akwati da teburin zane. Aikinsa na farko ɗakin kaji ne, kuma tsofaffi sun tabbatar mini cewa a sanyin shekarar kajin sun fi mai su jin daɗin duniya. Daga nan aka ba shi ginin wata 'yar majami'a a ƙauye, ya tayar da ita da duwatsun da manoma suke tsincewa daga gona suna zubarwa. Ranar buɗewa ya tsaya gefe yana kallo. A ciki, inda ya kashe ƙwaƙwalwarsa wajen tsara haske da tagogi, mutane suka zauna tsit kamar an aiko musu da labarin mutuwa. Ana tashi suka cunkushe a bakin ƙofa, cikin iskar da ke yanka kunne, suna hira har hancinsu ya yi ja, ba mai niyyar tafiya.

Tun daga ranar bai sake zana gini babu zaure ba, in banda guda ɗaya. Faffaɗa, mai ɗumi, da benci, da ƙugiyoyin rataye riguna, da taga mai kallon kudu. Makarantu, bankuna, asibitin gunduma, gidajen manoma, majami'u daga nan har cikin Dakota: in ka shiga ka ji ƙafarka ta ƙi fita, aikin Selmer ne. Wata mujallar New York ta taɓa aiko da mai hoto, ya ɗauki rufi da katanga ta kowace kusurwa, ya ratsa zauren da sauri yana duba agogo, bai ko waiwaya ba. Selmer ya karanta abin da suka rubuta ya ce, "To, sun yi ƙoƙari," ya shimfiɗa mujallar a ƙarƙashin gwangwanin fenti.

Gida ɗaya tak ya gina babu zaure, gidan Duane Moen mai sayar da motoci. Duane ya ce shi daga gareji zai riƙa shiga kicin, ba ya son ɗakin da ba a kwana ba a girki. Ƙofar gaba kuwa tana buɗewa kai tsaye cikin falo. Ranar da aka zo maganar zanen, Duane yana ta bayanin faɗin gareji, matarsa Ardis ta sunkuya kan takardar ta ce, "Ranar safe ta ina za ta shigo?" Duk tsawon aikinsa babu wanda ya taɓa yi wa Selmer wannan tambaya. Ya nuna mata da fensir, yana kallonta maimakon takardar. Ni da na karanta labaran masoya masu haura katanga da masu ratsa teku, har yau babu wanda yake sa ni hawaye kamar wannan dogon mutum da fensirinsa. Matar wani ce, don haka ya haɗiye abinsa, ya ci gaba da gina wa mutane wuraren faɗin abin da ke ransu, shi nasa yana ciki a kulle. Bai yi aure ba.

Duane ya rasu, aka yi zaman makoki, shekaru suka shuɗe. Selmer ya fara zuwa shan kofi gidan Ardis duk Lahadi bayan coci. Su yi hirar tsuntsaye da ta magudanar ruwa. In ya dafa cinya ya miƙe, ya sa riga, ya buɗe ƙofa, ya ja numfashi, sai iska ta faɗo falon ta nufi furannin da Ardis take reno a gindin taga.

"Selmer, furannina."

"Haka ne. Sai Lahadi."

Shi ke nan, ƙofa ta rufe.

A farkon kakar shekarar da ya doshi saba'in, ya kama mariƙin kamar kullum, sai Ardis ta riga shi.

"Af, Selmer. Renae ta matsa in koma wurinta Arizona. Ta ce ba za ta yarda in sake yin hunturu ni kaɗai ba. Za ta zo ta ɗauke ni bayan bikin godiya, ƙarshen Nuwamba. Gidan kuma a sayar."

Renae 'yarta ce tilo, tana aure a Phoenix, babban birnin Arizona.

Selmer ya dubi takalminsa. "To. Can kam akwai rana."

"An ce akwai."

"Ba a share ƙanƙara."

"Ba a sharewa." Ta waiwaya gindin taga. "Selmer, furannina."

Washegari ya je wurin Wally Dvorak, kafintan da suka yi rabin rayuwa suna aiki tare, gajere mai tumbi, ɗan Katolika, wanda bakinsa bai san linzami ba. Selmer ya shimfiɗa masa zane a kan bonet ɗin mota.

Wally ya duba sama ya duba ƙasa. "Gidan Ardis ne wannan."

"Ba shi da zaure. Masu saye za su yi ƙorafi."

"Masu saye." Wally ya cire fensir daga bayan kunne ya sosa ƙeya da shi. "Farfesa, ka san mu a cocinmu akwai ɗan akwatin furta zunubi? Ka shiga, ka amayar da abin da ke cikinka, ka fito sakayau, ko minti biyar ba a yi. Ku kuwa sai an zuba siminti."

"Ban gane ba."

"Ka gane sarai. Duk garin nan an gane, har karen gidan mai. Ka je ka ce mata, Ardis, kada ki tafi. Katako nawa wannan zai ci?"

"A ina zan faɗa?"

"A kujera mana, kamar ɗan Adam."

Selmer ya dube shi kamar ya ce ya je coci da gajeren wando. Wally ya yi ajiyar zuciya, ya naɗe zanen, ya ce zai kawo mahaɗin siminti ranar Laraba.

Da Selmer ya ce wa Ardis zai gina mata zaure, ta ce a'a, wahalar ta yi yawa. Ya sake faɗa, ta ce don Allah kada ya dami kansa. Da ya faɗa a karo na uku ta ce, "To, in dai ba zai takura ka ba," ta ƙara masa kofi.

Aikin da ya kamata a gama cikin mako biyu ya cinye kakar nan duka. Ranar da aka kafa ginshiƙai, Selmer ya tsaya ya karkata kai ya ce tagar ta yi ƙasa, hasken zai bugi gwiwa maimakon fuska, a cire. Aka cire. Bencin aka yi shi da itacen oak, ya zauna ya tashi, ya ce ya yi tsawo, mutum biyu za su zauna nesa da juna kamar masu jiran likita. Aka rage. Ya ce yanzu kuma ya matse, sai a ce da wata manufa aka yi.

"Ai da manufa aka yi," in ji Wally, ƙusoshi a baki.

"Ƙara masa kamar tafin hannu."

"Tafin hannunka ko nata? Ranka ya daɗe, na gina asibiti da kai ban sha wannan wahalar ba."

Da rana Ardis takan fito musu da miyar wake da naman alade da lefse mai ɗumi, wato siririn burodin dankali, ta shafa masa man shanu da sukari ta naɗe. Su zauna kan katakai su ci, agwagin daji suna wucewa sama a jere sun nufi kudu. Takan yi tambaya. Me ya sa ƙugiyoyin ba su daidaita ba? Don yara su ma su rataye nasu da kansu. Me ya sa ƙofar waje ba ta fuskanci ta ciki ba? Don iska ta shigo ta rasa hanya. In yana bayanin gini muryarsa takan girma, hannayensa su tashi, ya manta da kunya. Ita kuma ta riƙe kofinta da hannu biyu tana kallonsa, ba ta kallon abin da yake nunawa.

Wata rana ta ce, "Duk wannan don masu saye."

"Ai sun cancanta."

"Allah ya sa su gode."

Wally ya shaƙe da lefse, sai da aka buga masa baya.

A cikin gida kwalaye suna ta ƙaruwa. Ardis ta rabar da kwalaben tumatir da ta dafa ta adana, ta ba maƙwabciya injin ɗinki. Selmer yana ganin kowane kwali da aka fitar, sai ya juya ya sami wani aibu a jikin bango. Ya yanke wa kansa cewa ranar da aka gama zauren zai faɗa, don haka zauren ya ƙi gamuwa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Renae ta iso da doguwar mota, fatarta ta sha rana, maganarta ta yi sauri irin ta mutanen da suka manta da sanyi. Ta rungume shi ta ce, "Kawu Selmer, wannan fada kake ginawa? Asabar da safe fa za mu kama hanya, an ce ƙanƙara na tafe."

Ranar Juma'a da yamma Wally ya buga ƙusa ta ƙarshe, ya ɓoye gudumar a motarsa ya kulle.

Asabar ta waye garau. Selmer ya sa kwat ɗin da yake zuwa buɗe gine-gine da shi, ya taje 'yan gashin da suka rage, ya taho da maganarsa a shirye, jimla ɗaya, ya yi ta bitarta a hanya. Yana shan kwanar layin ya ga motoci a jere har bakin titi.

Duk matan ƙungiyar coci sun zo sallama, da mazajensu, da fasto, da mai gidan waya. Sun sha kofi a tsaitsaye cikin falon da babu kujeru, sun ce, "To, bari mu gudu," sun sa riguna, sun fito cikin sabon zaure. A nan suka maƙale. Rana ta shigo ta tagar kudu ta zauna daidai fuska. Ɗumi ya ratsa ƙafa. Tsofaffi biyu sun mamaye bencin, kafaɗa na gogar kafaɗa, wata tana ba wata labarin jikanta da ya bar makaranta. Fasto ya jingina da bango yana gaya wa mai gidan waya cewa yana tunanin ajiye aiki. Ƙamshin sabon katako da na kofi ya cika wurin. Tunda Selmer yake gini bai taɓa yin zaure mai daɗin wannan ba, kuma ko wurin sa ƙafa babu.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

"Selmer, ka yi aiki," in ji wata.

"Ka zo ka yi mana irinsa."

Ardis tana can ƙurya, sanye da jar riga, mata sun kewaye ta suna cusa mata robobin kek na hanya. Ta hango shi ta saman kawuna, ta ɗaga gira. Ya ɗaga mata hula. Ya yi yunƙurin kutsawa, wani ya riƙe masa hannu yana tambayar yadda ake maganin yoyon rufi, shi kuma bai iya ƙin amsa tambayar rufi ba.

Wally ya matso kusa da kunnensa. "In yi ihun gobara?"

"Kada ka soma."

"To ka buɗe baki a gabansu."

"A gaban fasto?"

"Ai ka rage masa aiki, daga baya ma wurinsa za ku."

Hantsi ya wuce, rana ta take. Renae ta loda kaya, ta tayar da mota, ta dawo ta leƙo, ta koma. Can ta yi abin da ba a taɓa yi ba a Brekken: ta danna hon. Zauren ya yi tsit. Wata tsohuwa ta ce a hankali, "Zaman Arizona ke nan." Sai aka dare, aka buɗe wa Ardis hanya. Ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana riƙe hannu. Da ta iso gaban Selmer ta tsaya, idanun garin duka a kansu.

"To, Selmer."

"To, Ardis." Ya waiwaya ya dubi bencin. "A riƙa shafa wa bencin mai sau ɗaya a shekara. Ki gaya wa masu saye."

Ta dube shi har sai da kunnuwansa suka yi ja. "Zan gaya musu."

Ta fita, ta shiga mota, ta ja ƙofa. Mutane suka jeru a bakin taga suna ɗaga hannu, ba wanda ya bar ɗumin. Motar ta fara ja da baya.

Waɗanda suke wurin sun ce ba su taɓa ganin Selmer Ostby yana gudu ba sai ranar. Ba gudu ba ne sosai, wani irin sauri ne na zalɓe, kwat yana tashi, hula ta faɗi a ciyawa. Ya cim ma motar a bakin titi ya ƙwanƙwasa gilashi. Ardis ta murɗa shi ƙasa. Babu rufi a kansa, babu bango, sai sararin sama da iskar Dakota da ta taso masa 'yan gashin nan tsaye, da ɓarɓashin ƙanƙarar farko da ya fara sauka. Jimlar da ya haddace ta gudu.

"Kawu Selmer, mun manta wani abu ne?" in ji Renae.

Bai ji ta ba. Ya dafa ƙofar motar da hannu biyu.

"Ardis, ba masu saye na gina wa ba."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Selmer, wane mai saye ne ake auna wa benci da tafin hannu?"

"To." Ya sunkuyo kusa da ita. "Kada ki tafi. Ina so ki zauna. Da ni nake nufi. In ba zai takura ki ba."

Ardis ta dubi hannayenta a kan jaka. Idanunta sun ciko, amma bakinta yana rawar dariya. "Na zaci sai ka ɗora bene tukuna."

"Na yi tunanin hakan."

"Ai na ga kana kallon rufin."

Renae ta dubi uwarta, ta dubi dogon tsohon da ke rawar ɗari a titi, ta kifa goshi a kan sitiyari. "Mama, kwana uku na yi ina tuƙi."

"Na sani, 'yar nan. Sannu."

"Kin ba da injin ɗinkinki. Kin ba da gado."

"Ai ba nisa suka yi ba."

"Kuma tun yaushe ake wannan abu?"

Ardis ta ɗan yi tunani. "Kina aji nawa aka gina gidan nan?"

"Mama."

"Ba abin da aka yi, kofi kawai aka sha. Kashe motar, yana jin sanyi."

Renae ta kashe. Kafaɗunta suka fara girgiza, ta yi dariya har da share ido. Ta fito ta zagayo, ta ciro mayafin wuyanta ta naɗa wa Selmer, ta ce, "Kawu, da ka bugo mini waya ai da na huta."

"Ba maganar waya ba ce."

Suka tako su uku zuwa gida. Mutanen zaure, da suka riga suka gama sallama har da ɗaga hannu, suka rasa inda za su sa kansu, don a al'adarmu ba a tanadi abin da ake cewa wanda ya tafi ya dawo kafin hannu ya sauka ba. Kowa ya kama duban silin. Matar mai gidan waya ce ta ceci jama'a, ta cire safar hannu ta ce bari ta duba ko an naɗe tukunyar kofi. An naɗe ta, tana can ƙasan kaya a bayan mota. Wally ya fita sauke kwalaye yana gunaguni cewa shi kafinta ne ba ɗan dako ba, yana yi yana jan hanci, ya ce sanyi ne.

An ɗaura auren bayan sabuwar shekara. Selmer ya kwaso teburin zanensa ya kafa a garejin Duane, ya yi 'yan shekaru yana aiki a nan, ya zana ɗakin karatu na gari da gidan tsofaffi kafin idonsa ya gaza. Sharaɗi ɗaya Ardis ta kafa masa, ta kuma faɗe shi a gaban Wally don a sami shaida: in yana da magana da ita, ya faɗa da baki, kada ta ga motar katako a ƙofar gida.

Ya kiyaye, bakin ƙoƙarinsa. Da bazara suka yi saɓaninsu na farko, a kan ko za a je Arizona ganin jikoki a jirgi ko a mota. Ya yini bai ce uffan ba. Da yamma Ardis ta leƙa bayan gida ta same shi da zarto, ya sassaƙa wani ɗan gidan tsuntsu mai kyau kamar a sa a baki.

"Wannan ban haƙuri ne ko gardama?" ta tambaya.

Ya juya shi a hannu yana dubawa. "Ban gama ba tukuna."

"To gama ka shigo, miya na hucewa. A jirgi za mu."